Malam Nata'ala, Mai Bin Sawun Guguwa

Kullum Malam Nata'ala ya idar da sallar asuba a gidansa na unguwar Thamesmead a Landan, waya yake fara ɗauka kafin shayi. In damina ta kusa sauka a gida, saƙonnin murya sukan taru suna jiransa, daga Gusau, daga Maraɗi, daga ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba. Sai ya saurara, ya rubuta a wani littafi mai baƙin bango, sannan ya sa rigar aiki ya tafi tuƙa bas. Haka yake shekara ashirin da biyu. A watan jiya ya ajiye tuƙi, ba don ya gaji ba. Likita ne ya ce idanunsa suna tafiya, kuma ba za su dawo ba. Har yau babu wanda ya ce zai karɓi littafin.

Ni maƙwabcinsa ne, kuma ba zan ɓoye ba, na daɗe ina yi masa dariya. A ce a yi wa mutum jaje iska ta yaye masa rufi, kai kuma ka bugo daga Landan kana tambaya, "Ina itatuwa suka fuskanta da suka faɗi?" Na ce wannan dattijo sanyin Ingila ya taɓa shi.

Kafin ya zo nan, ma'aikaci ne a ofishin auna yanayi. Wata rana 'yarsa Humaira ta dawo daga makaranta da taswirar da ke nuna inda guguwar nan mai juyi, wadda ke saukowa daga hadari, take afkuwa a duniya. Amurka ta yi baƙi ƙirin da ɗigo, don sukan ga fiye da dubu a shekara, kuma nasu sun fi na kowa hauka. Ingila ma da nata, wajen talatin a shekara, yawancinsu marasa ƙarfi. Bangladesh ba ta kai Amurka yawa ba, amma a can guda ɗaya ta taɓa kashe fiye da mutum dubu. Ƙasarmu kuwa fara fat. Yarinya ta ce masa da Turanci ai mu mun huta, ba mu da ita.

"Ko babu, ko ba a ƙirga ba," in ji shi. "Ba ɗaya ba ne, Humaira."

Shi ya koya mini bambancin. Iskar gaban hadari takan kwantar da itatuwa gefe guda. Mai juyi kuwa watsa su take, wannan gabas wancan yamma, ta bar siririyar hanya, gidan nan ya rushe, na maƙwabci ko kaza ba ta motsa ba. Sai dai mu mutanen kirki ne, kuma kirkinmu ke share shaida. Kafin la'asar an binne mamata, an sare itatuwan an raba wa mata, matasa sun yi gayya sun ɗora rufi. Washegari a ce "iska mai ƙarfi", a ce ƙaddara, shi ke nan.

A daminar 2021 wata ƙaramar guguwa ta bi ta Barking, can tsallaken kogi. Tare muka je kallo. Katanga ta faɗi, rufi ya ɗan zube, ba wanda ya mutu, amma an ɗauki hoto ta kowane gefe, labari ya cika gari. A bas muna dawowa ya juyo ya dube ni.

"An yi record ɗin katanga," ya ce. "Mu ko mutum ba a yi."

Ranar na daina dariya. Kunya ta kama ni, har yanzu ba ta sake ni ba.

Kai ne, Malam, ka ƙi yarda a cika littafin da ƙarya. Na gani da idona, cikin ɗaruruwan labaran da aka aiko maka, waɗanda ka yarda ka rubuta "mai juyi" a gabansu ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Kai ne duk watan Afrilu kake aika saƙon murya kana roƙon mutane su guji inuwar kwano da gindin itace in hadari ya yi wata irin kala, su shiga ƙuryar ɗaki. Wani shugaban firamare ya bugo maka yana kuka. Ya ce saƙonka ya tuna ya kwashe yara daga ajin da rufinsa ke rawa, kuma ba su gama fita ba kwanon ya tashi. Hajiya Zinatu, matarka, ita ta ba ni labarin. Kai ba ka taɓa faɗa ba.

Ita ce kuma ta nuna mini shafin farko. Kwanan wata ne na shekarar 1979, da sunan wani ƙauye gabas da Gusau, da sunaye biyu: mahaifiyar Malam da ƙanwarsa. Yana makarantar kwana iska ta danne su da ɗaki. Kafin ya iso an yi bakwai, an share komai. Gurbin da ake rubuta irin iskar babu komai a ciki.

Mutum ɗaya ta rage da ta ga abin, gwaggonsa Anatu. Shekara da shekaru yana lallaɓa ta a waya ko za ta tuna.

"Ɗan nan, ka bar ni," takan ce. "Mu da muke tono uwarka da hannu, wa ya tsaya kallon itace?"

Gwaggo Anatu ta rasu bana da azumi.

Na same shi bayan nan yana riƙe da littafin dab da fuskarsa. Raina ya ɓaci, na ce, "Haba Malam, ka cika gurbin nan mana. Kowa ya san ɗakinku kaɗai ya faɗi a layin. Wa zai yi checking?"

"Ban tabbatar ba, maƙwabci," ya ce. "In na rubuta don uwata ce, wa zai yarda da abin da na rubuta a kan uwayen wasu?"

Mun gode, Malam Nata'ala, mai gaskiya ko a kan kansa. Allah Ya saka maka da alheri, Ya jiƙan waɗanda ka ƙi bari a manta da su. Mu kuma da ke da ido da waya, a nan da can gida, in iska ta wuce, mu ceci na ceto, mu binne na binnewa, amma kafin a ɗaga gatari wani ya tsaya ya ɗauki hoto. A cikin yaranmu masu karatun kimiyya a unguwannin Stratford da Tottenham, ɗaya ya zo ya zauna kusa da dattijon nan tun yana iya nuna masa layi da yatsa. Jiya da na shiga, Hajiya ce ke karanta masa sunayen da shi ya rubuta da hannunsa.