Ranar da Baba ya yi wa kwamfuta sallama

Ina buɗe ƙofar, sanyi ya daki Baba, sai kawai ya cire takalmansa ya yi sallama.

Daga Aujara ya zo Dutse ganin likita, ya biyo jami'a ya ga inda nake aiki. Mun fara zama a ofishina, fanka ta mutu, muna ta fifita da kwali. Daga nan na kai shi ɗakin babbar kwamfutar da muke bincike da ita. Nan kaɗai ne mai na'urar sanyi da sola a sashenmu.

Ya leƙa, babu kowa sai baƙin akwati yana ƙugi.

"Mai ɗakin ya fita ne?"

Na ce, "Baba, ai ita ce mai ɗakin."

Ya dube ni, gumi ya jiƙa min riga. "Kai da na sayar da bijimi ka yi karatu kana cikin zafi, ƙarfe yana shan iska? Digirinta nawa?"

Na yi masa bayani cewa jinin yara masu zazzaɓin cizon sauro muke nazari, ita take tace bayanan, don mu gano dalilin da magani ya daina yi wa wasu aiki. In ta yi zafi ta tsaya, aikin ya koma farko.

Jikar Baba, Hafsa, ta sha kwanciya a asibiti da daminar bana.

Ya ja ƙofar a hankali ya ce, "To rufe mata, kada sanyin ya fita. Kai dai ka ci gaba da fifita."

Yanzu in ya kira, sai ya tambayi lafiyarta kafin tawa. Jama'a, akwai wanda aka taɓa sauke wa girma a gida saboda na'ura, ko ni kaɗai ne?