Inna Gumsu, Wadda Ta Nuna Gidan Aminiyarta

Kafin mai koko ta bakin layi ta sauke tukunya, Inna Gumsu ta riga ta shiga akurkinta. Duk wanda ya zauna a lungunmu na Rijiyar Lemo ya san wannan. Tana idar da sallar asuba za ta ɗaura tsohon zaninta na aiki, ta zura takalman roba, ta ɗauki tsintsiya da bokiti. Sai ta share kashi, ta wanke mazubin ruwa, ta kwaɓa dusa, sannan ta bi kajin da ido tana yi musu faɗa kamar jikokinta. "Ke mai dogon wuyan nan, ci kawai kika iya, ba ƙwai. Wa kika raina?" Idan ranta ya ɓaci sosai sai ta juya harshe zuwa Barbarci, don kakanninta daga Borno fatauci ya kawo su Fagge, kuma ta ce kaji sun fi jin faɗa da harshen iyayenta.

Da kiwon nan ta riƙe gida tun rasuwar maigidanta. Da shi ta ciyar da 'ya'ya, ta sa su makaranta, ta aurar da su. Kwanan nan ta miƙa akurkin ga 'yarta Kamila ta koma gefe. Ba a yi taro ba, ba wanda ya kira mai hoto, ko lemon kwalba ba a raba ba. Abin ya tsaya min a rai, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da mutanen unguwa suka gani da idonsu.

Ku je Sabon Gari ku tambayi Ebuka, mai sarin ƙwai da ya daɗe yana ɗauka a wurinta. Mutumin nan ko ƙwan mahaifiyarsa ne sai ya ɗaga shi ya haska, ya girgiza a kunne. Amma ya ce min, "Ƙwan Mama Gumsu ba na dubawa. In da mai tsagu a ciki, ita da kanta za ta cire ta ce min kada in ɗauka." Ku tambayi matan lungu su nawa ta koya wa kiwo, ta ba su uwar kaza da 'ya'yanta su fara. A cikinsu babu kamar Asama'u, maƙwabciyarta, wadda gida biyu ne kawai tsakaninsu. Lokacin da mijin Asama'u ya rasu ya bar ta da yara da ɗan tsakar gida, Inna Gumsu ce ta shiga ta auna mata wurin akurki da taku, ta zauna da ita har kiwo ya kankama. Yaya take ce mata. Tare suke zuwa biki, tare suke zuwa gaisuwar mutuwa, har in aka ga ɗaya ita kaɗai sai a tambaya ko ɗayar lafiya.

Sai shekarar murar tsuntsaye ta zo.

Wata safiya Inna Gumsu ta buɗe akurki ta tarar da kaji a kwance sun mutu, alhali jiya lafiya ta rufe su. Wasu sun takure a lungu, kai ya kumbura, zanko ya yi baƙi. Ta ɗauka irin ciwon nan ne da ke zagayowa duk shekara, don haka ta yi abin da ta taso ta ga iyaye suna yi. Ta daka barkono ta zuba a ruwan shansu. Sannan ta zaɓi masu lafiya, waɗanda suka fi ba ta ƙwai, ta sa a kwando don ta tsirar da su. Haka ake yi a wurinmu: in ciwo ya shiga akurki, sai ka kai masu lafiya gidan ɗan'uwa su fake har ya wuce. Ina kuwa za ta kai in ba gidan Asama'u ba?

"Haba Yaya, har sai kin tambaya?" in ji Asama'u. Da hannunta ta karɓi kwandon ta sake su cikin nata.

Wayyo, da kirki aka yi wannan kuskure, da kirki aka karɓe shi.

Kafin a yi nisa mutuwa ta ci rabin akurkin Inna Gumsu. Ebuka ya zo ɗaukar ƙwai, ya leƙa, ya ja da baya ya toshe hanci da hula. "Mama, wannan ba irin na kullum ba ne. Murar tsuntsaye ce. Ki daina taɓa su da hannu, tana iya kama mutum." Bai daɗe da fita ba sai ga wani dillali, irin waɗanda ke jin warin asara tun daga nesa. Ya ce a yanka sauran tun suna motsi, ya fige su ya shigar kasuwa, ba wanda zai sani. Inna Gumsu ta dube shi sama da ƙasa. "Abin da ba zan dafa wa jikokina ba, shi zan ba ka ka kai wa 'ya'yan mutane? Tashi ka ba ni wuri." Ta sa Kamila ta kira likitan dabbobi a waya.

Labari ya riga likita isowa. Asama'u ta shigo ko mayafi ba ta gyara ba, ta durƙusa a gabanta. Kowa ya ji cewa duk gidan da ciwon ya taɓa, kashe kajin ake yi gaba ɗaya a binne.

"Yaya, don girman Allah kada ki ambaci gidana. Nawa lafiyarsu ƙalau, har naki da kika kawo suna ci suna sha. Gobe zan kai zakaruna Sabon Gari in sayar. Kin san ba ni da komai sai su."

Inna Gumsu ta riƙe hannunta, su biyu suna hawaye, har aka yi sallama a ƙofa.

Ma'aikata suka shigo da fararen kaya da takunkumi. Likitan ya duba, ya girgiza kai, sannan ya tambaya cikin ladabi: "Inna, a kwanakin nan akwai inda aka kai kaji daga gidan nan?"

Mata sun cika zaure suna leƙe, kuma da yawansu sun ga wucewar kwandon nan, amma ba wadda za ta buɗe baki. Da Inna Gumsu ta ce babu, da magana ta mutu a nan. Ta dubi Asama'u. Ta tuna zakarun da za su kwana su tashi a tsakiyar kasuwa, cikin kejin da ake cusa kajin kowa da kowa, daga nan a watsa su gidajen Kano. Ta tuna yadda yaran Asama'u ke rungumar 'yan tsaki suna wasa da su a kan tabarma. Sai ta ɗaga hannu ta nuna gidan aminiyarta.

Waɗanda suka ga abin da ya biyo baya har yau ba sa son tuna shi. Kajin Asama'u suna tsattsagar dusa aka kama su. Aka cika buhuna, aka fita da su, aka yi feshi, akurki biyu suka zama kango a yini ɗaya. Asama'u ba ta yi kururuwa ba. Ta tsaya a bakin ƙofarta ta dubi Inna Gumsu ta ce, "Ke kika kawo min, ke kika nuna ni." Ta shige ta saki labule.

To, sai bakin mutane ya buɗe. Waɗanda suka yi gum a zaure su ne suka fi kowa iya magana daga baya. Wai baƙin ciki ne, nata sun mutu ba ta so na wata su rayu. Kai, jama'a! Matar da ta auna wurin akurkin nan da ƙafarta ita ce za ta yi masa baƙin ciki? Gaskiya ce, ba wanda zai iya rantsewa cewa kajin Asama'u sun kamu. Wataƙila da an bar su da sun rayu. Inna Gumsu ma ta san haka, kuma shi ne abin da ya fi cin ta. Amma Ebuka, wanda rumfarsa ke kusa da 'yan kaji, ya ce min, "Da zakarun nan sun shigo da ciwo, wallahi da ba Asama'u kaɗai za ta yi kuka ba."

Ke ce, Inna Gumsu, kika yi kuskure irin na kowa, sannan kika yi abin da ba kowa ke iyawa ba. Ke ce aka ba ki damar yin shiru, shirun da duk lungu zai taya ki rufewa, kika ƙi. Uwar kiwo, mai gaskiya ko a kan kanta. Mutanen da kika kare ba su san sunanki ba, wadda kika rasa kuwa ita ce kika fi so.

Asama'u ba ta ƙara kiwo ba. Ta koma suyar awara a ƙofar gida, ta tsufa a gaban kasko. Inna Gumsu ta je ba da haƙuri. Asama'u ta amsa sallama, ta tashi ta shige ɗaki. Ta sake zuwa, haka. Da aka ba da izinin sake zuba kaji ta samo 'yan tsaki, kafin ta sa ko ɗaya a akurkinta sai da ta aika wa Asama'u rabi. Aka dawo mata da su a kwalin da ta aika. Daga nan ta yanke wa kanta hukunci. Ta ce wa Kamila, "Duk sanda ta gan ni ciwon nake fama mata. Bari in yi mata kara." Ta daina zuwa. In za ta fita unguwa sai ta zagaya ta bayan layi don kada Asama'u ta ɗago daga kasko ta gan ta. Haka shekaru suka wuce, gida biyu tsakaninsu.

Bara Allah ya karɓi ran Asama'u bayan gajeruwar jinya. Inna Gumsu ta je gaisuwa ta zauna can bakin ƙofa wajen takalma, kanta a sunkuye. Sai Jawahir, babbar 'yar marigayiyar, ta ratso mata ta zo ta durƙusa a gabanta.

"Inna, Umma ta bar min saƙo. Ta ce in gaya miki ta daɗe da yafe miki, tun shekarar ma. Ta ce da ita ce a matsayinki ba ta san ko za ta iya ba. Kunyar maganar da ta faɗa miki ce ta hana ta zuwa. Kullum tana cewa in kika sake shigowa ba za ta tashi ba. Sai kika daina zuwa."

Matan da ke wurin sun ce ba su taɓa jin kukan tsohuwa irin na ranar ba.

Masu kiwo, manya da ƙanana, ku ɗauki darasi daga matar nan. In ciwo ya shiga akurkinku kada ku kai ko kaza ɗaya gidan kowa, kada ku sayar wa dillali, ku kira likita, in ya tambaye ku ku faɗi gaskiya ko da a kan wa za ta faɗa. Ke kuma Inna, mun gode. A madadin duk gidan da annobar nan ba ta shiga ba saboda ke, mun gode. Allah ya ƙara miki lafiya, ya sanyaya miki zuciya, ya jiƙan Asama'u.

Da na je gaishe ta na tambaye ta, da za a mayar da ita ranar nan, ko za ta sake ɗaga hannu?

"Zan ɗaga," ta ce. "Amma da washegari na koma gidanta, da jibi na koma, da gata na koma. Ko tsintsiya za ta ɗauka ta kore ni, da ban daina zuwa ba."