Alisabatu, mai bin hayaƙi a ɗakin baya

Kowace safiya, kafin ta gaida kowa a gidan likitarmu da ke yankin Dogon Dutsi, Inna Alisabatu ɗakin baya take fara nufa. Nan ake kulle masu taɓin hankali kafin a samu motar da za ta kai su Yamai, motar da sai ta ga dama take zuwa. Ƙofa ɗaya ce, rufin ciyawa, tabarmi a ƙasa. Sai ta buɗe, ta kira kowa da sunansa, ta ɗaga tabarmin, ta sunsuna kamar mai neman mushen ɓera. Shara aka ɗauke ta yi tun zamanin Faransawa, amma garwashi take nema.

Garwashin kuwa mu muke kawo shi. Duk wanda ɗan'uwansa ya zauce, cewa muke iska ce, maganinta hayaƙi. Majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya hana, mu kuma muka koma ɓoyewa. Uwa za ta zo da kasko a cikin zane, ta zagaya, ta miƙa wa ɗanta ta taga, ta tafi da zuciya fara. Mutumin da ba ya gane uwar da ta haife shi, shi aka damƙa wa wuta, aka kulle shi da ita. Abin da ya fi ba ni haushi, hancinmu duka ya saba. In hayaƙi ya tashi a baya sai a ce turare ne, in an ji ihu a ce ai kullum suna yi.

Ita ce kaɗai ba ta saba ba. Ko tana tsakar cin tuwo ta ji ƙauri, sai ta tashi da mabuɗi a bakin zane. Yawanci ba kome, kuma mun sha yi mata dariya, har da ni. Wata ranar kasuwa da rana tsaka ta tarar tabarmar Ɗan'azumi, wani saurayi daga Kore Mairuwa, ta kama, harshen wuta yana neman ciyawar rufi, shi kuwa yana zaune yana kallo. Ta ja shi waje, ta koma ta fitar da sauran, ta taka wutar da ƙafa. Tabon yana nan a sawunta. Kafin la'asar gari ya yanke hukunci, wai doguwar da ke kansa ce ta hura wutar don haushi. Habsatu, uwarsa da ta miƙa kaskon, ba wanda ya ambace ta.

Washegari Inna ta sami majo, ta ce masa, "In kun hana su, ɓoyewa za su yi. Ku bari su kawo shi hili, in gani da idona."

Tun daga nan, mai son yi wa nasa hayaƙi sai ya kawo kaskonsa gindin tsamiya. Ta fito da majinyacin, ta riƙe hannunsa har a gama, sannan ta kwara wa garwashin ruwa. Kuna tsammanin an gode mata? Mutanen majami'arta suka ce Kirista ta koma yi wa 'yan bori hidima. 'Yan bori suka ce tana wulaƙanta iskoki da ruwa. Kowa ya samu abin faɗa, ba wanda ya ce ta kawo ya riƙe mata mabuɗin ta je ta huta.

Inna, ke ce hancin ɗakin nan, ke ce ƙofarsa. Kin yi faɗa da iyaye, kin kori masu ba majinyata taba a ɓoye, an zage ki kin rama, don ke ma bakinki ba ya da sanyi. Amma a hannunki ba wanda ya ƙone a kulle.

Yanzu gwiwar Inna ta gaza, an sallame ta daga aiki. An yi mata taro ranar Asabar, aka yanka rago, aka yi jawabi da Faransanci kan sabuwar ƙasa da sababbin 'yan ƙasa. Na tambaya wa zai gaje ta, aka nuna mini bokitin yashi da aka shafa wa jan fenti. Na ce wa zai ji ƙaurin ya ɗauko shi? Aka ce ana dubawa.

Da aka zo miƙa mata turmin atamfa, sai aka ga kujerarta ba kowa. Can ƙofar ɗakin baya muka same ta, zaune a ƙasa ta miƙe ƙafa. Majo ya ce ai ita ake jira.

Ta ce, "Ku duka kun taru can. Waɗanga hwa, wa kuka bar ma su?"

Inna, mun gode, Allah ya saka miki, ko da yake godiyar tamu ta zo a makare. Ku kuma da kuka ci ragon, bikin ya ƙare, har yau tana zuwa tana jan ƙafa. Wani a cikinku ya je ya zauna a ƙofar nan, tsohuwa ta samu ta tafi gida.