Malama Dinatu da Hular Kwali

Kafin kukun gidan Bature ya hura wuta, Malama Dinatu ta riga ta zaga bayan gidajen Nassarawa tana tsintar kwalin sukari. Masu gadi na yi mata tsiya, wai Malama ta auri bola. Ita dai sai ta yi dariya, ta nufi rumfar da take koyar da 'ya'yan direbobi da masu gadi karatu. Lada kuwa, sai dai na Allah.

Shekarar da aka sami 'yancin kai, yaran suka kafe sai sun yi maci da shigar direban jirgin ƙasa. Ta auna kan kowa da zare, suka yanka kwali, suka liƙa da ƙaro, suka rina da shuni. Huluna suka fito da baki a gaba, gwanin sha'awa.

Sai ga Malam Zubairu direba, iyaye na biye da shi. Ya ce, "Malama, ke Kirista ce, mutuniyar Wusasa, ba laifinki ba ne. Wannan ai hana-sallah ce. Yaya goshin Jibrin zai taɓa ƙasa? Daga yau ɗana ya bar nan."

Ta san in Zubairu ya janye, kowa zai janye, rumfa ta mutu. Ba ta yi musu ba, ta ce, "Gaskiyarka, Malam. Ka ba ni zuwa la'asar."

Ta yanke bakin kowace hula, ta sake ɗinke shi da zare yadda zai naɗu sama. Da aka kira sallah, Jibrin ya ɗage nasa da ɗan yatsa, ya yi sujada kusa da ubansa. Zubairu ya sallame, ya daɗe yana juya hular, sannan ya ce, "To, Malama, ni ma a auna kaina."

Malama Dinatu, ke ce wadda ba ta raina kwali ba, ba ta kuma raina addinin maƙwabci ba. Bana ido ya gaza, za ki koma gida ki huta, mu kuwa muna jin zafin rabuwa. Mun gode, Allah Ya saka. Masu koyarwa, ku yi koyi da ita.

Jibrin da aka kusa cirewa yana sakandare yanzu. Ubansa ne ya rantse shi zai kai ki tasha, da hular kwali a kansa.