Tsatsar Goro a Ƙarƙashin Kujerar Gwaggo

Mun tashi daga Zangon Kumasi ranar Talatar makon jiya, ƙarfe biyar da kwata, ana idar da sallar asuba. Mu uku ne a motar: Gwaggo, ƙanwar mahaifina, da ɗanta wanda yake tuƙi, sai ni. Salaga muka nufa. Da yammacin Litinin aka bugo waya cewa yayarta, wadda muke kira Gwaggo Babba, ta daina cin abinci, mai son ya same ta da rai kada ya wuce gobe. Rabon su biyun da ganin juna shekara goma sha ɗaya. Muka zaɓi hanyar Yeji, inda ake ƙetare tafkin Volta a jirgin fito. An gaya mana akwai jirgin da ke tashi wajen la'asar, kuma in ya bar mu sai washegari.

Sai na bayyana muku motar tukuna, don rabin labarin nata ne. Ƙatuwar jif ce mai layin kujeru uku, ta marigayi mijin Gwaggo, ta haura shekara ashirin. Injinta lafiya lau, wannan ko maƙiyi ba zai musa ba. Jikin ne ya tsufa. Fentin rufi da na bonet ya ɓare kamar fatar ƙadangare. Tsatsa ta ci bakin mazaunin tayoyin baya. Ƙofar direba ta sauka, sai an ɗaga ta da gwiwa take rufuwa, ta gefena kuma ba ta buɗuwa daga ciki, sai ka sauke gilashi ka miƙa hannu waje. Dashbod ya tsage gida biyu. Yadin silin ya saki, an kakkafe shi da fil, duk da haka yana shafar hula. Ƙofar baya kuwa ba ta tsayawa a sama, da guntun tabarya ake tokare ta.

Direban namu abokin wasana ne, don haka ban ɓoye masa ra'ayina ba. Na ce da wannan akwalar za mu Salaga? Ya ce, “Ai ta girme ka a hankali, kuma ta fi ka sanin hanya.” Ya nuna mini sabuwar shimfiɗar roba da ya saya ya rufe ƙasan motar da ita saboda tafiyar, yana ta alfahari. Gwaggo ta hau kujerar tsakiya ta miƙe ƙafarta ta dama a kai. Gwiwar ba ta lanƙwasuwa, shi ya sa ba ta iya zama a gaba, kuma ba ta iya shiga motar haya.

Ƙarfe shida saura kwata, a Tafo, muka hau tudun nan da ake yi a titi don rage gudu. Ba da ƙarfi muka hau ba. Muka ji ƙas, sai salatin Gwaggo. Na waiwaya na ga kujerar ta kwanta baya da ita, gefe ɗaya ya ɗaga sama. Ta ce, “Ɗan nan, kujerar nan fa tafiyarta daban da ta motar.” Muka tsaya, na girgiza kujerar da hannu ɗaya, ta biyo ni.

Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota, na nan kusa, muka juya. Na sha wuce wurin nan a mota, amma ban taɓa shiga cikinsa da sassafe ba. Gari ne guda na ƙarfe. Layi bayan layi, wannan na ƙofofin mota zalla, jingine kamar littattafai a kanta, wancan na fitilu, na gaba na injina a jere a ƙasa. Ƙasar wurin ta yi baƙi da mai. Muka sayi koko da ƙosai wajen wata mata 'yar Asokore Mampong, ita ce ta kwatanta mana rumfar wani mai gyaran bodi, ta ce kowa Masta yake ce masa.

Bakwai saura minti goma ya iso. Dattijo ne Ba'asante, gajere, Hausarsa irin ta Zango. Ya gaida Gwaggo da “Maame, sannu,” wato Mama a yarensu, ya sa aka kawo mata benci. Ɗanta ya fara bayani cewa noti ne kawai ya kwance, a ɗaure mana mu wuce. Masta ya sunkuya cikin motar. Ya yaye sabuwar robar, ya yaye tsohon kafet ɗin da ke ƙarƙashinta, wani wari mai sanyi ya taso. Ya ɗauki ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasa ƙasan motar a hankali, kansa a karkace, kamar mai zaɓen kankana. Wani wuri ƙarfe ya amsa, wani wuri shiru. Inda ya yi shiru ya danna babban yatsansa, yatsan ya wuce, muka hango ƙasa.

Sai ya ɗago ya dubi Gwaggo ya ce, “Maame, mai motar nan goro yake sayarwa.”

Ba tambaya ya yi ba. Gwaggo ta saki baki. Ya kira mu ya nuna mana: tsatsar ba a watse take ba, zagaye-zagaye ce guda shida, kowanne faɗin gindin kwando, biyu-biyu a jere. Ya ce ruwan sama in ya shiga mota gefen ƙofa yake ci, wanda ake wanke mota da shi kuma wajen ƙafafu yake taruwa. Ruwan da ya zauna a tsakiya, a da'ira, shekara da shekaru, na goro ne, don goro ba ya tafiya a bushe. Gwaggo ta ce haka ne, wallahi. Alhaji, mijinta, yakan cire kujerar nan ya jera kwanduna shida, ya yayyafa musu ruwa safe da yamma don kada goron ya yanƙwane, ya dawo ya mayar da kujerar a kan jiƙaƙƙen kafet. Shekara takwas da rasuwarsa, ga wani da bai taɓa ganinsa ba yana karanta sana'arsa a jikin ƙarfe. Na tsaya ina kallon zagayen nan shida.

Daga cikin noti huɗu da ke riƙe da kujerar, ɗaya ne ke cikin ƙarfe mai rai. Inda bel yake ɗaure shi ma ya ruɓe. Masta ya ce da mun taka birki da ƙarfi a gangaren Mampong, da kujera da Maame sai a gaban gilashi. Ya dubi robar ya tambayi wanda ya shimfiɗa ta. Na nuna masa mutumin da hannu biyu. Ya ce, “Kai, ka sa wa miki riga mai kyau.”

Aikin yini ne, in ji shi. Na gaya masa dalilin tafiyar, da zancen jirgi. Ɗan Gwaggo ya kawo shawarar a ɗaure kujerar da igiya mu lallaɓa. Gwaggo ce ta yanke magana. Ta ce, “A gyara. Dubiya za ni, ba na son a kai wa Yaya ni a kwance.” Masta ya duba agogonsa, ya ce mu ba shi zuwa ƙarfe goma.

Abin da na gani cikin awa ukun nan shi ne dalilin wannan rubutu. Bai ɗauki waya ba. Ya fita bakin rumfa ya yi kira da Twi, yaren Asante, maƙwabcinsa ya miƙa kiran gaba. Kafin minti ashirin wani mutum ya iso da faifan ƙarfe a ka, wanda aka yanko daga rufin wata matacciyar jif irin tamu. Mai walda ya jawo tukwanensa na gas daga layi na biyu. Mai ɗinkin kujera, wani Bazabarme da muka gaisa da Hausa sosai, ya ɗauke kujerar ya tafi da ita, ya ce ƙafarta ɗaya ta tsage. Masta ya yanke ruɓaɓɓen wurin, ya ɗora kwali a kan ramin ya zana, ya mayar da zanen kan sabon ƙarfe. Sannan ya dinga bugunsa a kan guntun ƙarfen layin dogo har ya fitar masa da kwarin nan da tudun da kamfani ke yi wa ƙasan mota don ya yi ƙarfi. Da ido ya auna. Da aka ɗora faifan, ya zauna daram, ko takarda ba za ta shiga tsakani ba. Kafin a kunna wuta sai da ya shiga ƙarƙashin motar da kansa ya kare tankin mai da jiƙaƙƙen buhu. Mutum huɗu suna aiki a jikin mota ɗaya, ba mai taka wani, magana ba ta fi ƙwaya uku-uku ba.

Goma da minti goma aka ɗaure kujera. Masta ya hau kanta ya yi tsalle sau biyu, ya ja bel da dukan ƙarfinsa. Sauran lahanin ya lissafa mana su a tsaye: robar ƙofofi ta mutu, hanyar da ruwan rufi ke bi ta toshe, ƙofar direba na son sabon fata, wato ƙarfen da take rataye a kai. Ya ce duk waɗannan ba sa kisa, a dawo da su. Ya ƙara da cewa, “Malam, in ruwa ya sauko, matsa hagu.”

Daga nan hanya ta buɗe. Muka wuce Agona da Jamasi, muka fara hawan dutsen Mampong, titi yana naɗewa, daji kore shar a ƙasa har iyakar gani. A nan ruwa ya sauko. Na manta da gargaɗin, sai da ɗigo mai sanyi ya sauka daidai kafaɗata ta dama. Na matsa hagu. Direba ya yi dariya har ya kusa ƙwarewa, ya ce motar ta san wanda ya zage ta.

Bayan Mampong daji ya fara sirancewa. A Ejura masara ce ko'ina. A Atebubu doya ce tuli-tuli a bakin titi, mai sayarwa ta faɗi farashin da a kasuwar Kumasi sai dai a yi maka dariya in ka taya haka. Ba mu saya ba, lokaci ba namu ba ne. Wake da shinkafa muka karɓa ta taga muka ci a tafe. Titin yana da kyau a wasu wurare, a wasu kuma ramuka ne cike da ruwa, kowane rami muka faɗa sai na waiwaya. Gwaggo na zaune da carbinta, kujera ko motsi. A Prang muka yi azahar a gurguje, Hausar mutanen wurin tas kamar kana Zango.

Uku da rabi ta gota muka shiga Yeji. Jirgin na nan, ana loda masa motocin doya. Ban san girman tafkin nan ba sai da na tsaya a bakinsa. Ruwa ne har inda ya haɗu da sama, busassun itatuwa tsaye a cikinsa tun zamanin da wurin yake daji, ƙananan jiragen masunta suna ratsa tsakaninsu. Gadar ƙarfen da ake hawa jirgin tana da tsayi, ga santsin ruwan sama. Motarmu ta ɗaga hanci sama, tayar baya ta zame, direba ya ba ta wuta, ta yi tsalle ta dira a ciki da ƙarfin da ya zubo da fil biyu daga silin. Duk nauyin Gwaggo a kan bayan kujerar ya sauka. Da a ce da igiya muka ɗaure kujerar, ban san abin da zan rubuta yau ba.

Mun fi awa ɗaya a kan ruwa. Muka sauka a Makango, muka shiga Salaga ana kiran magariba. Gwaggo Babba na kwance a tabarma, ta rame ƙwarai, amma idonta biyu. Aka riƙo Gwaggo har bakin shimfiɗar. Gwaggo Babba ta daɗe tana kallon ƙanwarta, sannan ta ce, “Sai yanzu? Dube ki, kin tsufa.” Gwaggo ta ce, “Ke kika fara, Yaya.” Suka riƙe hannun juna. Mu muka fita tsakar gida.

Kwana biyu muka yi. Ranar Alhamis da safe muka shirya, Gwaggo ta ce mu tafi, ita tana nan. Muka biyo ta Tamale da Kintampo da Techiman, hanya mai nisa amma ba jiran jirgi, muka shigo Kumasi da yamma ta gefen Magazine, gudumomi na ta tashi.

Abin da na ƙaru da shi kaɗan ne, amma zan riƙe. Duk shekarun nan inji muke tambaya in za a yi tafiya, mu duba mai da ruwa da taya, ba wanda ya taɓa ɗaga kafet. Mai tsohuwar babbar mota ya ɗaga nasa, ya ƙwanƙwasa inda kujeru da bel suke ɗaure, musamman in motar ta taɓa ɗaukar kaya masu jiƙa. Kuma akwai ilimi a Magazine wanda ba a rubuta shi a ko'ina ba, yana hannun mutanen da muke wucewa kullum ba mu ko gaishe su.

Gwaggo Babba ta rasu ranar Lahadi da hantsi, Gwaggo na zaune a gefenta.