Injin Yaƙin da Ya Ƙi Tsayuwa

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku, ga wata nan tafe da ƙafafunta biyu. A tsakar gidanmu na Agege aka yi ta, idona biyu, kuma waɗanda suka gani suna nan da ransu.

Ina da jika, ɗan babban ɗana, wanda na raina tun daga yaye. A lokacin da nake ba ku labari ya haura shekara ashirin da biyar, har da gemunsa, yana da rumfar gyaran waya a Ikeja. Mutum ne mai hankali, salla ba ta wuce shi. Abu ɗaya ne na kasa ganewa a lamarinsa: duk ranar Lahadi sai ya ɗauki wani akwati ya ce mini ya tafi yaƙi.

Da na matsa masa, sai ya buɗe akwatin. Sojoji ne na roba, kowanne bai fi babban yatsana ba, an shafa musu fenti har da igiyar takalmi. Ya ce su huɗu ne, suna jera su a kan tebur, su gina musu tsaunuka da kangaye na kwali, su auna tafiyar kowane soja da tef irin na tela, sannan su watsa 'ya'yan lido su ga wanda harbinsa ya samu. Na ce caca ce? Ya rantse ko sisi ba a sawa. Na ce to me mai nasara yake samu? Ya ce yana samun bakin magana har wata Lahadin. Na ƙyale shi, don na san maza sun yi abin da ya fi wannan saboda bakin magana.

Babban abokin karawarsa wani Bayarabe ne, haifaffen bayan layinmu, wanda Hausa ta zauna a bakinsa fiye da wasu 'ya'yanmu. Tare suka yi makaranta. Shi ne ya fara kawo wani injin yaƙi da ɗan'uwansa ya aiko masa daga Turai, mai tafiya da ƙafa biyu kamar mutum, an manna shi a kan faifai. Lahadi uku a jere yana tattake sojojin jikana da shi. A ta huɗu jikana ya dawo gida ko abinci bai nema ba, ya ce shi ma zai gina nasa da hannunsa, wanda ya ninka wancan biyu. Ashe a can ya riga ya cika baki a gaban mutane: wai nasa ba za a manna shi a kan komai ba, da ƙafarsa zai tsaya, kuma yana cikin tafiya, ƙafa ɗaya a sama. Bayaraben ya ce ya yarda, amma da sharaɗi. In ya tsaya shi kaɗai daga farkon wasa, babu jingina babu tokara, ya shiga yaƙi. In ya faɗi ko sau ɗaya, tarkacen bola ne, ba ya ƙara hawa teburinsu.

Daga ranar gidanmu bai sake zama lafiya ba. Marfin fulas ɗina ya ɓata. Gwangwanayen madara da nake tarawa don awon gishiri suka ɓata. Na nemi matatar shayi sama da ƙasa, sai na tsince ta a ƙirjin injin, wai ta nan yake shan iska. Cinyoyinsa guntayen bututun famfo ne, gwiwoyinsa murafun jarka, jijiyoyinsa tsofaffin wayoyin caja da yake kwasowa daga rumfa. Gangar jikin kuwa wata robar man shafawa ce babba, ya lulluɓe ta da ɓawon wayoyin da suka mutu, ɗaya kan ɗaya kamar ɓawon kifi. Ya yanka kan allurai masu ƙulli ya jera su a matsayin ƙusoshi, ɗaya bayan ɗaya da hantsaki, har sai da na tausaya wa idonsa. A kafaɗar dama ya ɗora masa bindiga, tsayinta ya kusa kamu ɗaya, an yi ta da bututu uku da tocilan ɗin marigayi kakansa.

Wata biyu yana wannan aiki, kullum bayan la'asar, a kan tabarma a ƙofar ɗakina. Warin gam ya kori sauro, wannan kam na gode masa. Da ya gama haɗawa, abin ya kai mini gwiwa. Gaskiya ya yi kwarjini.

Sai ya ɗora shi a kan benci, ya janye hannu a hankali. Injin ya yi jim kamar mai tunani, ya karkata dama, ya kifa.

Ya ƙara gam, ya kifa. Ya faɗaɗa tafin ƙafar da marfin bokitin fenti, ya kifa. Ya ɗura yashi a ƙafar, injin ya daɗe kaɗan kafin ya kifa, har jikana ya fara murmushi, kuma a wannan faɗuwar ce bindigar ta karye gida biyu. Saura kwana tara ranar da suka sa. Bayaraben ya leƙo da yamma, ya durƙusa ya gaishe ni yadda suke yi, sannan ya dubi injin kwance a tabarma.

Ya ce, "Oga, mutumin naka barci yake yi? Ko in kira masa keke ya kai shi filin daga?"

Jikana ya ce, "Hutawa yake yi, ya san aikin da ke gabansa."

"To Allah ya tashe shi lafiya. Iya, ki riƙa ba shi koko da safe."

Bayan ya tafi jikana ya zauna ya zuba tagumi. Ni kuwa duk kwanakin nan ina kallo, ban ce uffan ba, don ba a tambaye ni ba. Amma tun ranar farko na ga ciwon. Ya miƙar da abin sak kamar sandar tuta, kafaɗu daidai, ƙugu daidai, sannan ya ɗaga masa ƙafa ya rataya masa kaya a gefe guda.

Na ce, "Maigida, wannan mutumin naka bai taɓa ɗaukar kaya ba."

Ya ce, "Tsohuwa, don Allah ki bar ni. Wannan lissafi ne, ba tallan tuwo ba."

Tallan tuwo ya ce. To bari in gaya muku abin da shi ma ya sani ya manta. Bayan rasuwar kakansa, shekara ashirin da wani abu na yi ina kai wa mahauta abinci. Daron tuwo a ka, bokitin miya a hannun dama, wani lokaci da shi goye a bayana, in tsallake layin dogo, in bi ta kan katakon da aka gitta a kwata, damina da rani, motocin hayar nan na danfo na hura mini ƙaho a kunne. Sau ɗaya tak miya ta taɓa zube mini, shi ma akuya ce ta shiga tsakanin ƙafafuna.

Ban yi masa gardama ba. Na tashi na ɗaure zanena, na naɗa gammo da tsohon ɗankwali, na ce ya ɗora mini daron wanki. Na sa ya cika bokiti da ruwa ya miƙo mini a dama. Ya ce zan karye ya shiga uku da babansa. Na ce ya rufe baki ya buɗe ido.

Na taka ɗaya, na taka biyu, a ta uku na tsaya da ƙafar dama a sama.

Na ce, "Ina ƙuguna yake?"

Ya duba. "Ya koma hagu."

"A kan me?"

"A kan ƙafar da ke ƙasa."

"Kafaɗata fa?"

"Ta gudu daga bokitin."

"Hannun hagu?"

"Kin buɗe shi kamar fiffike."

"To sauke mini, ƙafar ba ta yarinya ba ce."

Bai sauke mini nan da nan ba, marar kunya. Sai da ya ɗauke ni hoto ta gaba da ta baya, ya ɗaura dutse a zare ya saki daga haɓata ya ga inda ya sauka, a kan babban yatsan ƙafata ta hagu. Matan gidan haya duk sun fito suna kallo, wata tana tambaya da Yarbanci ko Mama ta koma talla ne. Kwana biyu ina shafa man zafi a ƙugu.

Washegari ya sa zarto ya raba injin gida biyu daga ƙugu. Aikin wata biyu ke nan ya yanka. Ya gasa bututun cinyar a kan risho ya lanƙwasa shi, ya tura ƙugun hagu, ya karkatar da gangar jikin nesa da bindigar, ya buɗe hannun hagu ya rataya masa wata sarƙa. Yana yi yana duban hotona a waya. Sau biyu yana kirana in duba, sau biyu ina cewa bai kai ba, mai kaya ba ya jin kunyar turo ƙugu. A na uku ya ɗora shi a benci ya janye hannu.

Muka jira. Kaza ta wuce. Aka kira magariba. Yana tsaye.

Jikana ya bubbuga bencin da tafin hannu, injin ya yi ɗan rangaji ya koma mazauninsa. Sai ya juyo ya ce, "Amaryata, faɗi abin da kike so a duniya." Na ce matatar shayina. Ya ce banda wannan.

Sauran kwanakin fenti ya yi. Ya shafe shi da ruwan toka, ya bi gaɓoɓin da jar ƙasa da ya kankaro daga bangon gidanmu don ya yi kamar tsatsa. Da ranar ta zo, sai aka ga ba mai iya shiga danfo da wannan abu ya fita da shi lafiya, don haka yaƙin ne ya taso ya same mu. Aka cire ƙyauren tsohon shago aka ɗora a kan benci biyu a tsakar gida, aka jera kangayen kwali. Ni na ja kujerata gefe da carbina.

Jikana ya fito da shi lulluɓe da zane, ya ajiye, ya yaye. Abokan nasa su ukun suka matso. Bayaraben ya zagaya shi, ya leƙa ƙarƙashi ko akwai ƙusa, ya hura masa iska da baki. Sannan ya ja baya ya ƙura masa ido, ya dube ni, ya sake duban injin, sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Wallahi Iya ce! Ku dubi ƙugun! Iya ce za ta kai wa mahauta tuwo!"

Duk suka kwashe. Na duba da kyau, kuma ba ƙarya ya yi ba. Ga bindiga, ga sulke, ga tsatsa, amma tsayuwar tawa ce, har da yadda nake ɗan sunkuyar da kai. Na ce ya yi dariyarsa, amma ya faɗa da bakinsa a gaban shaidu: ya tsaya ko bai tsaya ba? Ya cire hula ya ce ya tsaya.

Aka fara. Ban fahimci dokokinsu ba, na dai ga ana auna tef ana ɗaga injin ana ajiyewa gaba, kuma duk ajiyewa sai na tsayar da jan carbi har ya daidaita. Sau biyar aka matsar da shi, sau biyar ya zauna daram. Ya share wa Bayaraben sojoji layi guda, jikana yana ta ihu kamar an ba shi kujerar Makka. Amma 'ya'yan lido ba su san wahalar kowa ba. Bayaraben ya tara duk bindigoginsa a kansa, ya watsa, sai ga shida, shida, biyar. Suka ce an kashe injin.

A al'adarsu, abin da aka kashe kwantar da shi ake yi a kan tebur, a ɗora masa auduga a matsayin hayaƙi. Bayaraben ya miƙa hannu zai kwantar da shi. Ban san lokacin da na miƙe ba.

Na ce, "Ɗan nan, janye hannunka."

Ya ce, "Iya, doka ce, ya mutu."

"Ya mutu ɗin na ji. Amma ƙuguna bai yi ciwon kwana biyu don ka kwantar da shi ba. Ka sa masa audugarka a tsaye."

Suka dubi juna. Ɗaya daga cikinsu ya buɗe littafin dokar yana ta juya shafi, ya ce shi dai bai ga inda aka hana ba. Bayaraben ya ce ko da an hana, shi ba zai yi shari'a da Iya a gidanta ba. Aka cusa masa auduga a kafaɗa da ƙirji, ya ƙarasa yaƙin a tsaye yana hayaƙi, ƙananan sojoji suna zagaye ƙafafunsa. An ci jikana a ranar, amma sai da ya cinye tuwo malmala uku.

Bayaraben ya yi aure a shekarar da ta biyo, ya koma unguwar Iyana Ipaja, yanzu shi ma ya gina nasa mai ƙafa huɗu, ya ce ba shi da kakar da za ta tsaya masa da ƙafa ɗaya. Sauran biyun, ɗaya aiki ya kai shi Abuja, ɗayan yana nan yana zuwa da littafinsa. Jikana yana rumfarsa, ya fara wani sabon gini da ya ce zai fi wancan, na kuma sa kwaɗo a kwabar kayana kada su sake ɓata. Injin yana kan durowa a ɗakinsa, sai ranar babban yaƙi ake sauko da shi. Ni kuwa gwiwa ta hana ni zuwa kasuwa, amma duk Lahadin da suka taru a gidanmu sai sun ajiye mini kujera a gefen tebur, ni nake watsa wa jikana 'ya'yan lido na farko.