Wayar da Na Aika Kasuwa Ina Takaba

Ina cikin kwana na hamsin da wani abu na takaba na fara wasan waya. Na san yadda maganar take a kunne: mace mai shekara talatin da takwas, mijinta bai cika wata biyu a ƙasa ba, tana zaune tana jera lemu da mangwaro a fuskar salula. Mai zagi ya zaga, amma ya fara gwada zaman wata huɗu da kwana goma tsakanin ɗaki da tsakar gida tukuna.

Makonnin farko gidan cike yake da masu gaisuwa, har na riƙa fatan a bar ni in huta. Bayan sadakar arba'in sai ƙafa ta ɗauke gaba ɗaya. Ƴan matana biyu su tafi lakwal, wato makaranta, da safe, a bar ni da surukata Hajiya, wadda ta taso daga Yauri, ƙauyensu nan kusa da mu, ta tare a wurinmu don ta zauna da ni har in fita. Ba muguwa ba ce, amma magana a wurinta sai ta kama dole. Maigidana shi ne ɗanta na fari, don haka ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba, "wancan" take ce masa yana raye, "wancan" take ce masa bayan ya rasu. Ranar da aka fita da shi ban ga hawaye ko ɗaya a idonta ba. Na riƙe wannan a raina, ina jin haushinta a ɓoye.

Ƙanwata ce ta kawo mini wasan. Ungozoma ce a likitar Kance, wato asibitin garin, kuma duk ranar kasuwar Matameye takan biyo ta duba ni. Wata rana ta same ni na zuba wa bango ido, sai ta ja ni ɗaki ta miƙo mini salularta.

"Yaya, riƙe. Ki jera uku iri ɗaya, shi ke nan."

Ƴaƴan itace ne cike da fuskar wayar. In ka tura ɗaya ya haɗu da ƴan'uwansa biyu sai su fashe, wasu su zubo daga sama. Na ce mata wannan ai shirmen yara ne. Da na ɗago kai har an kira la'asar. Tun rasuwar, ranar ce ta farko da na yi awa guda cur ban ga fuskarsa lokacin da zazzaɓin ya ci ƙarfinsa ba. Da ta karɓi wayarta za ta tafi, sai da na ji kamar in riƙe mata hannu.

Sabuwar waya ba ta cikin abin da zan iya tunani a lokacin. Tawa tsohuwa ce, okaziyo, wato ta hannu, maigidana ya sayo mini ita, gefen gilashinta a tsage. Ƙanwata ta ce wasan ba ya cin forfe, kuɗin intanet ke nan, in ya shiga ya shiga. Ta gwada tura mini daga tata zuwa tawa, wayar ta ce babu wuri. Ta sake gwadawa, haka. Sai ta ce akwai mai turawa a bakin tasha, wanda ke sa wa mutane fina-finai da wa'azi, da dala arba'in zai samar mata wuri ya sa mini ƙaramin irinsa da tsofaffin wayoyi ke ɗauka. Mako mai zuwa za ta kai masa.

Ni na san abin da ya cika wayar, ita ba ta sani ba. Maigidana rake yake rakawa Agadas a manyan motoci, wani lokaci ya yi mako biyu bai dawo ba. Ba shi da haƙurin rubutu, sai dai ya danna ya yi magana, abin da muke ce wa vokal. Shekara uku yana aiko mini da su, daga kan hanya, daga wurin sauke kaya, wani ma yana tauna abinci. Ban taɓa goge ko ɗaya ba. Tun da ya rasu kuma ban buɗe ko ɗaya ba, tsoro nake ji. Na ce wa kaina sai na fita takaba, in rufe ƙofa, in saurare su ɗaya bayan ɗaya. Tasa wayar ta riga ta tafi cikin kayan gado, ƙanensa ya ɗauka ya wanke ta ya sa layinsa. Muryarsa a duniya ba ta rage ko'ina ba sai cikin wannan abar mai tsagaggen gilashi.

Ranar kasuwa ta zagayo. Ƙanwata ta shigo da hantsi a gaggauce, mai kabu-kabu yana jiranta a waje. Hajiya tana zaune a tabarma dab da mu tana tsinke zogale. A gabanta ba zan iya cewa "wasa" ba. A gabanta kuma ba zan iya buɗe baki in ce ina ajiye da muryar ɗanta kamar wata amarya ba, kunya ba za ta bar ni ba. Sai na miƙa wayar na ce, "Ki kai a duba mini ita, ta cika."

Ƙanwata ta kashe mini ido ta jefa ta a jaka. Na tashi in bi ta zaure in raɗa mata kada a taɓa vokal, sai Hajiya ta ce in miƙo mata faranti. Kafin in dawo na ji tashin babur. Na ce ba komai, ai hotunan biki da bidiyoyin da mata ke turowa zai cire, su ne masu nauyi.

Na ɗora tukunyar tuwo. Ina cikin talge maganar ta faɗo mini, da muryarsa ma ta zo. Bara ne maigidana ya dawo gida ransa a ɓace, ya jefa wayarsa kan katifa. "Mutumin nan na bakin tasha," ya ce, "in ka ce masa waya ta cika ba ya tambayarka komai. Formate yake mata, ya wanke ta tas kamar kwano. Duk lambobin mutanena na Agadas sun tafi." Har dariya na yi masa a ranar.

Ta cika. Kalmar da na bai wa ƙanwata ke nan ta kai masa.

Muciya ta kuɓuce mini. Na fito tsakar gida hannuna duk gari.

"Hajiya, ara mini wayarki."

Ta dube ni, ta kwance bakin zanenta a hankali, ta ciro ƴar wayarta mai maɓallai. Kullin nan sai da na ji kamar in fizge in kwance da haƙori. Na buga lambar ƙanwata da ka. Ta yi ta ƙara har ta katse. Na sake. Na sake na uku. Wa zai ji kukan waya a cikin jaka ranar kasuwa? Kuma na san yadda ake yi a wurin, ajiye masa waya ake a tafi cefane, a dawo a karɓa. Yanzu haka tawa tana kan teburinsa, ita kuma tana can wajen masu tattasai tana ciniki.

Ban san lokacin da na zura hijabi ba. Na kai tsakiyar zaure na ji muryar Hajiya a bayana.

"Ke. Ina za ki?"

"Bakin tasha. Yanzu zan dawo."

"Da takabar a kanki? Ranar kasuwa, garin nan kaf yana waje?"

"Dole ce, Hajiya."

"Wace dole? Wani ne ba lafiya?"

Na juyo. Tana tsaye ta dafa bango saboda gwiwoyinta. Na nemi ƙaryar da zan yi ban samu ba, lokaci kuma yana tafiya. Sai na faɗa mata duka, a tsaye, kaina a ƙasa. Na ce wasa na aika a sa mini, wasan yara na jera lemu. Na ce mutumin wanke waya yake yi. Na ce akwai murya a ciki.

"Muryar wa?"

"Ta baban yara. Saƙonnin da yake aiko mini in ya yi tafiya. Na shekara uku."

Na jira zagi. Na jira ta ce ɗanta bai gama kwanciya ba ina wasa. Ba ta ce komai a kan wasan ba.

"Yana magana a ciki? Ana jin sa?"

"Ana ji."

"Koma ciki," ta ce. "Ke ba ki fita. Miƙo mini takalmina."

Hajiya tsoron babur take yi, ko daga Yauri a amalanke ta fi yarda ta zo. Ina laɓe bayan ƙyauren zaure na ji ta tana ƙwala wa mai kabu-kabu kira da wata murya da ban san tana da ita ba, na ji tana ce masa ya yi sauri.

Ban koma ciki ba. Na tsaya a zaure, yatsun ƙafata a kan dokin ƙofa. Daga gidanmu zuwa tasha ba nisa, amma ranar kasuwa amalanke da awaki da motocin rake sukan toshe hanya. Na riƙa raya wa kaina cewa mutane da yawa ne a gabana, tawa ce ta ƙarshe. Sai wata zuciyar ta ce wankewa ai ita ce aiki mafi sauri, da ita zai fara. Na yi addu'a Allah ya sa wuta ta ɗauke masa. Na yi ƙoƙarin tuno saƙon ƙarshe da ya aiko, na kasa tuna ko daga Tanut ne ko daga Damagaram, wannan ya ƙara firgita ni. Ashe har na fara mantawa, na dogara da cewa waya ta riƙe mini. Duk babur da ya shigo layinmu sai in leƙa in ga ko su ne. Ƙaurin tuwo ya iso har zaure ban motsa ba. Na tsani kaina, na tsani lemun nan da mangwaron, na tsani kunyar da ta ɗaure mini baki a kan magana guda.

An kira azahar kafin su dawo, su biyu a babura biyu. Idon ƙanwata kawai na kalla na sani.

"Yaya, don me ba ki gaya mini ba?" ta ce, tana kuka. "Don me?"

Ita ta ba ni labarin, don a rumfar mutumin ta tarar da Hajiya. Hajiya ta yi ta tambaya har aka nuna mata rumfar. Wayoyi ne jere a tebur, kowace an ɗaure mata ƴar takarda da roba. Ta ce a ba ta ta surukarta yanzu-yanzu. Ya ɗauko ya miƙa mata da fara'a, ya ce ai tun ɗazu ya gama, da ita ya fara. Da ya ji abin da ke ciki sai ya dafe kai. Ya ce, "Hajiya, wallahi ba a ce mini akwai abu ba. An ce ta cika." Ya jona ta da injinsa ya yi ta nema, bai samo komai ba. Na so in ga laifinsa, amma abin da aka gaya masa ya yi.

Na kunna wayar. Fes take, ba hoto, ba lamba, ba saƙo. Wasan ne kaɗai a tsakiyar fuskarta, wani lemu mai ido yana yi mini murmushi. Na kifa ta a kan taga na shiga ɗaki. Kukan da na yi ranar ya fi na ranar rasuwar, don wancan Allah ne ya karɓa, wannan kuwa ni na miƙa da hannuna.

Bayan la'asar, ƙanwata ta tafi, yara suna wanke kwanonin ƙonannen tuwo, sai Hajiya ta ɗaga labulen ɗakina. Ba ta taɓa shigowa ba tun da ta zo. Ta zauna a bakin gado da ƙyar, gwiwoyin sun kumbura.

"Me yake cewa a ciki?"

Na ce ba wasu manyan maganganu ba ne. Taya ta fashe a hanya. Rake ya yi araha. A ba awaki ruwa. Zafin Agadas ya ishe shi. Ina faɗa ina jin wasu suna dawo mini, wasu kuma na san sun tafi ke nan.

"Shi ke nan?"

Sai na faɗi wanda nake ta kewayewa. Kusan kowane saƙo da shi yake rufewa. Yakan ce, "Ki kira tsohuwa ki ji mini ƙafar nan tata. Ni in na kira, gaisuwa biyu take yi ta kashe."

Hajiya ta juya fuskarta wajen bango. Na ga kafaɗunta suna motsi, ba sauti. Ban san abin da zan yi da hannuwana ba, sai na riƙe gefen katifa.

"Haka yake cewa?" ta ce, ba ta juyo ba.

"Haka yake cewa, Hajiya."

"Ba haka ba. Yadda yake faɗa. Ke kin ji shi, ni ban ji ba."

Na share fuska, na gyara murya, na saukar da ita ƙasa yadda tasa take in ya gaji, har da ɗan jan da yake yi wa "tsohuwa". Na faɗa mata. Muryar ba ta yi kama da tasa ba ko kaɗan.

"Sake," ta ce.